Darasin da ke cikin littafin uwar adashi

Matashin da ke ganin ilimin tattalin arziki sai wanda ya je jami'a, ya leƙa littafin uwar adashin unguwarsu. Rabin karatun yana ciki.

A ce mutum goma ne, kowa na zubin naira 10,000 duk wata. Mai ɗaukar farko ya kwashi 100,000, na ƙarshe ma haka. A takarda ba a cuci kowa ba, amma a kasuwa labari ya sha bamban. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Idan kaya na tashi da wannan gudu, dubu ɗarin da aka kwasa a wata na goma ba za ta sayi fiye da abin da dubu 80 ta saya a watan farko ba. Na farko ya ci bashi ba ruwa ke nan, na ƙarshe kuma shi ya ɗauki asarar jira. Shi ya sa mai dabara, in kwasarsa ta faɗo da kaka, yakan nufi kasuwar Dawanau ya mayar da ita gero ko masara kafin farashi ya ɗaga.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Adashi ba ya ƙara wa mutum ko sisi. Abin da ya zuba shi zai ɗauka.

Nan ne 'yan damfara ke shigowa ta waya. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta kuma kira harkar taimakon juna, kamar dai adashi. A Disambar 2016 ta rufe asusun mutane. CBEX ta zo da nata romon bakan na ninka kuɗi cikin kwana 30, ta durƙushe a Afrilun 2025. Salon iri ɗaya ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na da, ranar da shiga ta tsaya kuwa, biya ya tsaya. Uwar adashi ko ba komai an san ƙofar gidanta.

Don haka kafin matashi ya tura kuɗinsa, ya tambayi wace sana'a ce ke kawo ribar, sannan ya bincika ko kamfanin na da rajista da hukumar SEC mai kula da zuba jari.