Bindiga mai baki biyu sama da ƙasa

Bindiga mai baki biyu sama da ƙasa nau'in bindigar farauta ce mai bututu biyu, ɗaya a kan ɗaya, wadda ke harba tarin ƙananan ƙwayoyin dalma ko ƙarfe maimakon harsashi guda. Ana amfani da ita wajen farautar tsuntsaye masu tashi da kuma wasan harbin faifan yumɓu. Ta bambanta da ɗaya bindigar mai baki biyu, wadda bututunta ke jere kafaɗa da kafaɗa. A yau ita ce bindigar da kusan dukan 'yan wasan harbin faifai ke riƙewa a gasar Olamfik, kuma tana cikin waɗanda mafarautan Turai da Amurka suka fi saye.

Tarihi

A ƙarni na 19 bindiga mai bututu a jere ce ta mamaye farautar tsuntsaye a Ingila da sauran ƙasashen Turai. Kamfanin Boss & Co. na Landan ya fito da samfurinsa na sama da ƙasa a shekarar 1909, sai kamfanin Woodward ya biyo baya a 1913. Da hannu ake ƙera waɗannan bindigogi, don haka sai masu hannu da shuni ke iya mallakarsu.

Wanda ya kusantar da ita ga sauran jama'a shi ne Ba'amurken nan John Moses Browning. Ya rasu a Beljiyam a 1926 kafin ya kammala aikin, ɗansa Val Browning ya ƙarasa, aka fitar da ita kasuwa a 1931 da sunan Superposed, ƙirar masana'antar FN da ke Herstal. A 1973 kamfanin Browning ya fito da samfurin Citori, wanda kamfanin Miroku na Japan ke ƙerawa a farashi mai sauƙi. A Italiya, yankin Brescia ya zama cibiyar wannan sana'a. A can ne Beretta yake, wanda tarihinsa ya faro tun 1526, da kuma Perazzi da aka kafa a 1957. Jamus na da Krieghoff a birnin Ulm, yayin da masana'antun Turkiyya suka shahara da masu araha.

Yadda take aiki

Ana buɗe bindigar ne ta hanyar tura wani ɗan ƙarfe da ke samanta zuwa gefe, sai ta karye a tsakiya, gindin bututun ya bayyana. A sa harsashi ɗaya a kowane bututu, a rufe. Kowane harsashi kwanso ne na roba mai gindin ƙarfe, ɗauke da albarushi, da toshiya, da ɗaruruwan ƙwayoyi. Idan aka ja kunama, allura ta bugi gindin harsashin, albarushi ya kama, ƙwayoyin su fita su bazu.

Yawancin na zamani kunama ɗaya gare su, tare da maɓallin zaɓen bututun da zai fara tashi. An fi farawa da na ƙasa, saboda ya fi daidaita da kafaɗa, bakin bindigar ba ya ɗagawa sosai, harbi na biyu ya zo da sauƙi. A wasu samfuran bugun baya na harbin farko ne ke ɗana kunamar domin na biyu, don haka idan harsashin farko ya ƙi tashi, na biyun ma ba zai tashi ba sai an sauya maɓalli. A wasu kuwa kunamar na ɗana kanta ba tare da jiran bugun ba. Haka nan akwai masu cillo kwanson da aka harba da zarar an buɗe su, akwai masu ɗago shi kawai a cire da hannu.

Masu son wannan bindiga na kawo dalilai uku. Ido yana bin doron bututu ɗaya siriri, kowane bututu na iya samun nasa matsin baki, sannan idan tana karye kowa na ganin ba za ta tashi ba. Rauninta shi ne harbi biyu kawai take yi, ta fi mai sarrafa kanta dukan kafaɗa, kuma mai kyau tana da tsada.

Geji da harsashi

Faɗin ramin bututu shi ake kira geji. Lissafin tsoho ne: adadin dunƙulen dalma masu faɗin ramin da za su cika nauyin fam ɗaya, wato kusan giram 454. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce babban rami. Geji 12 na da faɗin kusan milimita 18.5, geji 20 na da 15.6, geji 28 kuma kusan 14. Mafi ƙanƙanta da aka saba gani ita ce .410, wadda sunanta awon inci ne ba geji ba.

Mai son bindiga ɗaya da za ta yi masa farauta da wasa yakan zaɓi geji 12, domin harsashinta ya fi samuwa kuma iri-iri ne. Geji 20 ta fi sauƙin ɗauka ga mai yini yana tafiya a daji. Ita kuwa .410 ƙwayoyinta kaɗan ne, samun abin hari da ita sai gwani, duk da cewa wasu na ɗaukarta ta 'yan koyo.

Ɗakin harsashi ma yana da tsawo: milimita 70 ko 76 a yawancin na zamani, 65 a tsofaffin na Ingila. Gajeren harsashi na shiga dogon ɗaki lafiya, amma dogo a gajeren ɗaki na haifar da matsi mai haɗari. Girman ƙwaya kuma da lamba yake tafiya, babbar lamba ƙaramar ƙwaya. A awon Amurka ana harbin faifai da lamba 7½ zuwa 9, tsuntsaye masu ɗan girma kuma da lamba 4 zuwa 6.

Matsin baki

Matsin baki, ko cok, ɗan tsukewa ne a ƙarshen bututu wanda ke ƙayyade yadda ƙwayoyi za su bazu. Ana auna shi da yawan ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40. Bututu marar matsi kan zuba kusan kashi 40 cikin ɗari a da'irar, mai matsi kaɗan kashi 50, matsakaici kashi 60, cikakken matsi kuma kashi 70. Mafarauci yakan sa buɗaɗɗe a bututun ƙasa domin tsuntsun da ya tashi kusa, ya sa matsattse a na sama domin harbi na biyu bayan tsuntsun ya yi nisa. Yawancin sababbin bindigogi na zuwa da cok da ake ɗaurawa a kwance kamar noti, abin da ya sa bindiga ɗaya ke iya yin ayyuka da yawa.

Ta farauta da ta wasa

Ta farauta ba ta da nauyi, takan kai kilo 3 ko ɗan fiye, tsawon bututunta inci 26 zuwa 28, kuma a wasu samfuran makullinta na shiga da kansa duk lokacin da aka buɗe ta. Ta wasa ta fi nauyi, tsakanin kilo 3.5 da 4, bututunta inci 30 zuwa 32, doronta ya fi faɗi. Dalilin bambancin a fili yake. Mafarauci na ɗaukar bindigarsa sa'o'i da yawa ya yi harbi kaɗan, ɗan wasa kuwa na iya harba harsashi ɗari a yini, kuma nauyi ne ke shanye bugun baya. Maƙerin Ingila W. W. Greener ya ba da ƙa'idar cewa nauyin bindiga ya ninka na ƙwayoyin da take harbawa sau 96, wato giram 28 na buƙatar bindiga mai kusan kilo 2.7. Mai neman tsaka-tsaki yakan tsaya a geji 12 mai bututu inci 28 ko 30.

Harbin faifan yumɓu

Wasan ya samo asali ne daga harbin tantabaru masu rai da ake saki daga akwati. An yi irin wannan a wasannin Faris na 1900, kuma Birtaniya ta haramta shi a 1921. An gwada ƙwallayen gilashi a madadinsu, kafin George Ligowsky na birnin Cincinnati ya ƙirƙiro faifan yumɓu a 1880. Faifan yau ba yumɓu ba ne, haɗin garin farar ƙasa ne da kwalta ko ƙaro, faɗinsa milimita 110, nauyinsa kusan giram 105.

Manyan nau'o'in wasan uku ne. A tiraf, faifai na tashi daga rami a gaban mai harbi yana nesanta da shi. A sikit, wanda aka ƙirƙiro a jihar Massachusetts a shekarun 1920 kuma ya shiga Olamfik a 1968, faifai na fitowa daga ɗakuna biyu, dogo da gajere, yana gilmawa, mai harbi na zagaya tashoshi 8. Na uku shi ne sifotin, inda ake kwaikwayon tashin tsuntsaye daban-daban har da gudun zomo. A gasar tiraf da sikit ta Olamfik zagaye ɗaya faifai 25 ne, kuma nauyin ƙwayoyi ba ya wuce giram 24. Cikin fitattun 'yan wasan akwai Kim Rhode ta Amurka, wadda ta ci lambar yabo a Olamfik shida a jere daga 1996 zuwa 2016, da Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wanda ya ci zinare a Atina a 2004.

Abubuwan dubawa kafin saye

Abu na farko shi ne dacewa da jiki. Bindigar ba ta da abin saiti na baya, idon mai harbi ne ke yin wannan aiki, don haka idan ƙota ta yi tsawo, ko gajarta, ko ƙasa, harbi zai kauce ko da hannu bai yi kuskure ba. Tsawon da masana'antu suka saba yi daga kunama zuwa ƙarshen ƙota kusan santimita 36 zuwa 37 ne, ana kuma iya ragewa ko ƙarawa. Ana gwadawa da bindiga marar harsashi: mutum ya rufe ido, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa da kunci, ya buɗe. Idan idonsa na kan tsakiyar doro, ta dace. Yana da kyau a san idon da ya fi rinjaye, domin na-dama mai rinjayen idon hagu yakan yi ta kuskure bai san dalili ba. Bahago kuma na buƙatar ƙotar da aka karkatar dominsa.

Abu na biyu shi ne haɗuwar bututun. Dole a haɗa su ta yadda duka biyun za su zuba ƙwayoyi wuri ɗaya, kuma wannan aiki na cikin abin da ke raba mai tsada da mai araha. Ana tabbatarwa ta hanyar harbin babbar takarda da kowane bututu. Ado da zanen da ke jikin ƙarfe na ƙara kuɗi amma ba sa ƙara iya harbi.

Idan ta hannu ce, ana cire katakon gaba a girgiza ta, in ta yi sako-sako to maharɗarta ta ci. Ana leƙa cikin bututu a haske domin neman tsatsa, loɓawa ko kumburi, a duba ƙota ko ta tsage kusa da ƙarfe. Ana kuma duba hatimin gwaji. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP ba a sayar da bindiga sai an gwada ta da harsashi mai ƙarfi fiye da kima, kamar yadda ake yi a gidan gwaji na Birmingham tun 1813.

Dalma da ƙarfe

Ƙwayoyin dalma da suka zube a fadama guba ne ga agwagin ruwa da ke haɗiye su, da kuma tsuntsayen da ke cin su. Denmark ta hana harbi da su gaba ɗaya a 1996. Amurka ta hana su a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana su a wuraren dausayi daga Fabrairun 2023. Ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbinsu sun fi tauri, suna iya kumbura bakin tsohuwar bindiga mai cikakken matsi. Bindigar da aka gwada domin harsashin ƙarfe mai ƙarfi na ɗauke da hatimi mai siffar furen lili.

Doka

A Birtaniya sai da takardar shaida daga 'yan sanda, bisa dokar makamai ta 1968. Takardar na aiki shekara 5, kuma ana duba inda za a adana bindigar. A Amurka dokar tarayya ta yarda ɗan shekara 18 ya saya daga dillali mai lasisi bayan an binciki tarihinsa, jihohi kuma na da nasu ƙarin sharuɗɗa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a rukunin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, saɓanin bindigar toka da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Riƙe ta ba lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Lasisin bindiga kuma ba izinin farauta ba ne, domin ƙasashe na ƙayyade lokacin farauta da irin tsuntsun da aka halatta.

Kariya

Ƙa'idar masu harbi ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba, kuma a riƙe ta a karye sai lokacin harbi. Ana leƙa bututu kafin a sa harsashi, saboda laka ko toshiyar da ta maƙale na iya fasa shi. Haɗari mafi shahara shi ne cakuɗa harsashi: na geji 20 na zurmawa cikin bututun geji 12 ya maƙale a gaba, idan aka ɗora na 12 a bayansa aka harba, bututun ya tarwatse. Wannan ya sa masana'antu da yawa ke yin kwanson geji 20 da launin rawaya. Ƙarar harbi na lalata ji a hankali, don haka ana toshe kunne, ana kuma sa tabarau saboda ɓarɓashin faifai. A gida ana kulle bindiga a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri dabam, inda yara ba za su kai ba.