Halin Darakta da Ƙwazon Malamai a Makarantunmu

Ƴan uwa, duk watan Oktoba idan aka koma makaranta a Nijar, mukan tambayi kuɗin rajista da yawan kujeru, amma da wuya mu tambayi yadda darakta yake zaune da malamansa. Alhali daga nan karatun ƴaƴanmu yake gyaruwa ko ya lalace, a makarantar boko ne ko ta faransanci da larabci, irin wadda aka fara buɗewa a garin Say a 1957.

Mun sani cewa da yawa daga cikin malaman firamare ƴan kwantaragi ne. Abin da suke karɓa bai kai na cikakken ma'aikacin gwamnati ba, wani lokaci kuma yakan makara. Wannan ba a hannun darakta yake ba. Amma akwai abin da yake hannunsa. Wani masani Ba'amurke, Frederick Herzberg, ya bayyana a 1959 cewa ƙarancin albashi yana kawo gunaguni, sai dai himmar aiki tana zuwa ne idan an yaba wa mutum, an kuma damƙa masa nauyi an yarda da shi.

Abu na farko shi ne lokaci. Daraktan da yake isowa bayan an kaɗa ƙararrawa ba shi da bakin yi wa malami faɗan latti. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha.

Na biyu shi ne adalci wajen rabon aiki. Idan aji mai cunkoso kullum ɗan kwantaragi ake jibga wa, izinin tafiya kuma sai ƴan gaban goshi, sauran za su yi shiru, amma za su daina gyaran littattafan yara da daddare.

Na uku shi ne yadda ake gyara kuskure. Malamin da aka tsawata wa a gaban ɗalibai ya rasa kwarjininsa a aji. Nasiha a ofis, mutum biyu kawai, ta fi saurin shiga.

Na huɗu shi ne kuɗi. Kwamitin kula da makaranta da muka sani da COGES ya haɗa iyaye da malamai da darakta. Idan ana karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban taro, zargi ba ya samun wurin zama.

Malamai ma amana ce a wuyansu, rashin kirkin shugaba ba hujja ba ce ta barin aji babu kowa. Mu kuma iyaye, mu riƙa halartar taron kwamiti, mu tambayi malamai halin da suke ciki tun kafin sakamakon jarrabawa ya fito. Ɗalibanmu da za su riƙe makarantu gobe su lura da wannan tun yanzu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.