UWA, KULA DA HANNUN ƊANKI: SHANYEWAR ƁARIN JIKI GA YARA

Ya ke uwa! Ɗanki yana aiki da hannu ɗaya ya bar ɗaya? To, ki karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

MENE NE KE KAWO SHI?

Ƙwaƙwalwa ita ke juya gaɓoɓi. Ɓangarenta na dama shi ke juya hagun jiki, na hagu kuma ya juya dama. In ɓangare ɗaya ya sami rauni, sai hannu da ƙafa na wancan gefen su yi sanyi ko su ƙage. Raunin yakan faru tun a ciki, ko wajen haihuwa, musamman ga bakwaini. Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, buguwa a kai, da sikila duk suna kawo shi. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma shan-inna ba.

ALAMOMI

1. Ya wuce wata 4 hannu ɗaya na dunƙule, babban yatsa a cikin tafi.
2. Bai shekara 1 ba amma kullum hannu ɗaya yake miƙawa. Jariri mai lafiya duka biyun yake mora.
3. In ana sa masa riga, hannu ɗaya yana gardama.

Da kin ga haka, ki nuna wa malamar asibiti ta tura ku sashen gashin ƙashi. Kada ki ce sai ya fara tafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

YADDA AKE KOYA WA HANNUN AIKI

Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Amma hannun da aka bari ba aiki ƙara ƙagewa yake. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa tana koyo in an yi ta maimaitawa. Ga hanyoyi biyu da likita zai nuna miki:

Ta farko, hutar da lafiyayyen hannu. A sa masa safa, a ba mai ciwon abin wasa: ludayi, ƙoƙo, ko kacau-kacau. Ga jariri minti 30 a rana ya isa, a raba shi sau 2 ko 3. Ga wanda ya tasa, akan kai awa 2 a rana har mako 8. Likita ne zai yanka miki lokaci.

Ta biyu, haɗa hannu biyu. Ba shi aikin da hannu ɗaya ba zai iya ba: tafi, cafe ƙwallo, ɓare ayaba, buɗe murfin kwalba, riƙe kwano da ɗaya ana ci da ɗaya.

Ki riƙa zama ta gefen hannun mai ciwo, ki miƙo masa abu ta nan. Ki sa yayyensa cikin wasan. In an ba shi takalmin hannu, ki bi lokacin da aka faɗa miki.

KADA KI YI WAƊANNAN

Kada ki bar shi da safa a hannu ba kya wurin, balle kusa da murhu.
Kada ki ba shi gyaɗa, wake, ko tsaba, yana iya shaƙewa.
Kada a ja hannun da ƙarfi, ko a yi masa tsaga, sakiya, ko ɗori. Ƙashi bai karye ba.
In damar ce ta sami ciwo, kada a doke shi wai don ya ci da hagu. Ba taurin kai ba ne.

GARGAƊI

Yaron da ke lafiya ƙalau, musamman mai sikila, in hannunsa ya saki farat ɗaya ko bakinsa ya karkace, ki garzaya da shi babban asibiti nan take.

Hannun ba lallai ya koma daidai da ɗan'uwansa ba. Amma da wasan yau da gobe, yara da yawa suna ci da kansu, su sa riga, su tafi makaranta. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki riƙe katinsa, kada ki fasa ranar asibiti.

MA'AIKATAR LAFIYA TA JIHA