Maza Goma da Naɗin Attaura: Majami'ar Yahudawa daga Tuwat zuwa Jikwoyi

Daga Tasawa har Mayahi, ka bi Gulbin Kaba ƙauye-ƙauye, ba za ka iske majami'ar Yahudawa ko ɗaya ba. Masallatai ne ko'ina, sai ɗaiɗaikun coci, sai abin da ya saura na al'adun Anna a wasu garuruwan. Amma sunan Yahudu ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Ana jin sa a tafsirin watan azumi idan malam ya shiga Baƙara, ana jin sa a rediyo duk sa'ad da wuta ta tashi a Gaza. Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido da ita a 1996, ta sake yankewa a 2002. Ke nan mutumin Tasawa ya san Bani Isra'ila na zamanin Annabi Musa, ya kuma san gwamnatin Isra'ila ta yau. Wanda bai sani ba shi ne talakan Bayahude mai tashi da safe ya nufi wurin ibadar unguwarsu. Me yake yi a can, shi da wa, kuma me ke riƙe da jama'arsa?

Mai neman ganin haka da idonsa sai ya tsallaka iyaka ya gangara Abuja. A unguwar Jikwoyi akwai majami'ar Gihon, a Kubwa akwai Tikvat Israel. Masu ibada a cikinsu ƴan ƙabilar Ibo ne, akasarinsu daga addinin Kirista suka fito, da yawa ta hanyar cocin nan masu kiyaye ranar Asabar, suna kuma ganin kakanninsu jinin Bani Isra'ila ne. Ibrananci kuwa wasunsu a intanet suka koye shi, da littattafan da wani malamin Yahudawa na Amurka, Howard Gorin, ya riƙa aiko musu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin rubutu a kansu mutum ne da ya san ƙasar Hausa ciki da bai. William Miles, Bayahude Ba'amurke, ya yi koyarwa a Magarya daga 1977 zuwa 1979, yana jin Hausa, shi ne kuma ya rubuta littafin nan na 1994 a kan yadda iyakar Turawa ta raba Yekuwa ta Nijar da Yardaji ta Najeriya. A 2013 ya fitar da littafi a kan Yahudawan Najeriya. Hukumar malaman addini ta Isra'ila ba ta yarda cewa waɗannan mutane Yahudawa ne ba, sa'annan tun da Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar Biyafara, ya fara fitowa da mayafin addu'a irin na Yahudawa, zancensu ya cakuɗe da rigimar Biyafara. Duk da haka ranar Asabar sukan taru su buɗe Attaura.

Ɗakin kansa ba shi da wani abin mamaki. Babu gunki, babu hoton annabi. A bangon da ke fuskantar birnin Ƙudus akwai kabad mai labule, a ciki ake ajiye naɗin Attaura, bisansa akwai fitilar da ba a kashewa. Akwai dakalin da ake hawa a yi karatu. A majami'un masu riƙe da tsohuwar hanya, maza da mata ba sa cakuɗa wurin zama. Dukiyar gidan ita ce naɗin nan: littattafai biyar na Attaura, harafi 304,805, rubutun hannu a kan fatar dabbar da ta halatta a ci. Marubucin ba ya rubutawa da ka ko da ya haddace, dole ya riƙa duban wani kwafi, kuma harafi ɗaya in ya ɓace ba a karatun jama'a da naɗin sai an gyara. Aikin yakan ci wajen shekara, shi ya sa yake da ɗan karen tsada, kuma ƙaramar jama'a takan daɗe tana ibada kafin ta mallaki nata.

Sai dai gini da naɗi ba su ne ke tsayar da ibadar jam'i ba. Mutane ne. Sai an samu baligai goma, abin da suke kira minyan, kafin a fito da Attaura a karanta wa jama'a, ko a yi addu'ar Kadish da masu makoki ke yi. A wurin masu tsohuwar hanya maza kaɗai ake ƙirgawa, wasu ɗariƙun na zamani suna haɗawa da mata. Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda Juma'a ma ba ta tsayuwa sai da maza goma sha biyu ban da liman. In mutum tara suka hallara, ko da dukansu manyan malamai ne, jira za su yi. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya shigo, adadi ya cika. Wannan ƙa'ida guda ita ta tsara zaman Yahudawa a duk inda suka kasance ƴan tsiraru, domin wanda mahaifinsa ya rasu yana bukatar mutum tara su tsaya tare da shi safe da yamma har wata goma sha ɗaya. Ka ƙi zuwa na wani yau, gobe ba ka da bakin kiran kowa.

Sau uku ake addu'a a yini: da safe, da la'asar, da dare. Ana karatun Attaura ranakun Litinin, Alhamis da Asabar, an kuma kasa ta kashi 54 yadda za a sauke ta cikin shekara. Babbar rana dai Asabar ce, wadda ke kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a har fitowar taurari ranar Asabar da dare. Uwargida ta kunna kyandir kafin magariba, an riga an gama girki, domin nau'in aiki 39 ne aka hana, ciki har da hura wuta, rubutu da ɗinki. Da safe a kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya su hau dakali a karanta rabon makon, bayan an tashi a ci abinci tare. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, wanda kasuwa ta juya wa baya, da wanda ɗiyarsa ta isa aure. Jama'ar nan ce ke koya wa yara haruffan Ibrananci, ita ke taruwa kaciyar jariri ranar da ya cika kwana takwas, ita ke zaman makokin kwana bakwai a gidan mamaci, ita ke riƙe da asusun sadaka. Bukukuwan shekara kuma suna zagayowa: Idin Ƙetarewa da gurasa marar yisti don tuna fita daga Masar, busa ƙahon rago a sabuwar shekara, azumin wajen awa 25 a Ranar Kafara, da Idin Bukkoki.

Akwai wani abu da ke biyo bayan dokar Asabar wanda ba kasafai ake lura da shi ba. Tunda mai kiyaye ta ba ya hawa dabba ko mota a ranar, dole gidansa ya kasance inda zai taka da ƙafa zuwa majami'a. Haka unguwa ke haɗuwa da kanta, tun kafin wani sarki ya ce a ware su. Ƙarfinsu ke nan, rauninsu ke nan. Mutanen da ke zaune wuri guda, ba su da yawa, kowa ya san ƙofarsu, zamansu ya rataya ne ga amanar maƙwabta da ta mai mulki. A nan ne labarin ya taɓo mu.

Hanyar ayari da ta haɗa Abzin da Katsina da Kano ta ƙasarmu take ratsawa. Ita matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya biyo tare da ayarin gishiri har ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851. In ka bi ta arewa, ka wuce Agadas ka ci gaba da keta hamada, za ka kai Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau. A can, a garin Tamantit, akwai tsohuwar jama'ar Yahudawa masu fatauci da ƙirar zinariya, da majami'arsu. Wani ɗan kasuwa daga Jenowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat a 1447 yana cewa Yahudawan wurin suna da yawa, suna zaune lafiya a ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki da yawa ta hannunsu yake bi.

Bayan shekara arba'in da ɗoriya sai rigima ta tashi, kuma wanda ya tayar da ita sunansa sananne ne a kowace makarantar zaure: Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili, mutumin Tilimsan. Hujjarsa ita ce Yahudawan Tuwat sun warware alkawarin amana, ba sa biyan jiziya yadda shari'a ta tsara, sun kuma shige jikin masu mulki, sa'annan bai halatta a bar musu wurin ibada a garin da Musulmi suka kafa ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi yarda. Aka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis tambaya, amsoshi suka dawo a rabe. Ibn Zakri na Tilimsan bai goyi bayan rushewa ba. Al-Tanasi ya goyi bayan al-Magili, al-Sanusi ma ya mara masa baya, shi dai al-Sanusin da almajiranmu ke karanta Ummul Barahina tasa a tauhidi. Da wannan amsa ta iso, al-Magili ya tara mutanensa aka rushe majami'ar Tamantit, aka kashe waɗanda aka kashe, saura suka watse ko suka musulunta. Wajajen 1492 ke nan, shekarar da sarakunan Kirista suka ci Garnaɗa suka kuma kori Yahudawa daga Andalus.

Al-Magili ya zo ƙasar Hausa ta Abzin, ya zauna Katsina da Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin Tajuddini a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Har yau Sharifan Kano suna danganta kansu da shi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da rubuce-rubucensa. Wannan matsayi ba mai ƙwace masa. Amma a ganina ba mu yi wa tarihinmu adalci idan muka karantar da Tajuddini muka tsallake Tamantit, musamman da yake wanda ya tsaya ya ce a'a ba wani baƙo ba ne, alƙali ne Bamalike, da hujjojinsa daga littattafan mazhaba ɗaya. Muhawarar duka tana nan cikin kundin fatawoyin nan Mi'iyar na al-Wansharisi, kuma masanin tarihi John Hunwick ya bi diddiginta a littafinsa na 2006. Akwai ma ƙarin labari. Al-Magili yana Gawo wurin Askiya Muhammadu aka kawo masa labarin an kashe ɗansa a Tuwat, sai ya nemi a kama Tuwatawan da ke garin. Alƙalin Tumbutu, Mahmudu ɗan Umaru, ya ce waɗannan ba su da hannu a kisan, aka sake su. Duk da haka ƙofa ta rufu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin cewa sarkin da ke mulkin Tumbutu ba ya barin Bayahude ya zauna a birnin, kuma yakan ƙwace dukiyar falken da aka ji yana hulɗa da su.

An shafe fiye da shekara ɗari uku kafin a sake jin wata jama'ar Yahudawa a fili a birnin. Mordekai Abi Serur, malami kuma falke daga garin Akka na kudancin Maroko, wanda aka haifa a 1826, ya iso Tumbutu wajajen 1860 tare da ɗan'uwansa Ishaƙu. Sai da ya nemi amana daga masu mulkin Masina, ya amince da biyan jiziya, sa'annan aka bar shi ya buɗe ciniki. Da kasuwa ta yi kyau, abin da ya yi yana nuna inda hankalin irin waɗannan mutane yake: ya koma gida ya ɗebo dangi da surukai, har suka kai maza goma sha ɗaya. Mutum ɗaya kacal ya ɗoru a kan adadin da ake bukata, wato in biyu suka yi tafiya ko zazzaɓi ya kwantar da su, ibadar jam'i ta tsaya. Abin bai yi ƙarko ba. An yi ta washe ayarinsa a hamada, jari ya karye, jama'ar ta watse. Daga baya shi ne ya yi wa Bafaranshen nan Charles de Foucauld jagora a Maroko a 1883 da 1884, shi kuwa Foucauld ya ɓad da kama cikin shigar Bayahude. Abi Serur ya rasu a birnin Aljas a 1886.

A 1993 masanin tarihi Ismael Diadié Haidara ya kafa ƙungiya a Tumbutu mai suna Zakhor, ta mutanen da ke danganta asalinsu da Yahudawan da suka zauna a bakin kogin Kwara, a 1999 kuma ya buga littafi da ya tattara takardun ciniki da wasiƙu na tsofaffin iyalan. Su waɗannan jikoki Musulmi ne, a masallaci suke salla. Abin da suka nema shi ne a san daga inda kakanninsu suka fito, a kuma adana takardun da maƙabartun da suka rage.