Gini, Inji da Ruwa: Makomar Tsofaffin Gidajen Niƙa na Ingila

Gidan niƙa na ruwa shi ne ginin da ake kafawa a bakin rafi ko kogi, a datse ruwan da madatsa, a janyo shi ta wata kwata da aka haƙa da hannu, ya zo ya zuba a kan wani ƙaton wili na katako ko na ƙarfe, wilin kuma ya juya dutsen niƙa ta hanyar wasu ƙafafu masu haƙora da ke cizon juna. A Ingila wannan fasaha ta daɗe ƙwarai, domin kundin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday, ya ambaci irin waɗannan gidaje 5,624 bisa lissafin da Margaret Hodgen ta yi a ƙarni na 20, masanan da suka biyo bayanta kuwa sun kai adadin sama da 6,000, duk da cewa kundin bai haɗa da birnin Landan da lardunan can ƙuryar arewa ba. Yau kaɗan ne daga cikinsu ke niƙa, kuma tambayar da ke gaban masu kula da kayan tarihi ita ce me ya rage a waɗannan wurare, da kuma wane ma'auni ya dace a auna darajar abin da ya rage.

Kafin a kai ga dalilan mutuwar sana'ar, ya kamata a san cewa gidan niƙa ya kasance tushen iko da kuɗin shiga. A zamanin mulkin iyayen ƙasa, talakan da ke zaune a ƙasar wani basarake ko gidan ibada tilas ne ya kai hatsinsa gidan niƙan ubangidansa, a ɗebi wani kaso a matsayin ladan niƙa, wanda kuwa ya ajiye dutsen hannu a ɗakinsa ya karya doka. A garin St Albans, shugaban gidan ibadar garin ya ƙwace duwatsun hannun mutane a 1331 ya daɓe wani ɗaki da su, sai da boren talakawa na 1381 ya tashi suka kutsa suka tone daɓen suka rarraba gutsattsarin a tsakaninsu. Saboda irin wannan riba, da wuya a bar wurin da ruwa ke da kyakkyawan gangare ya zauna banza. Idan gini ya tsufa akan rushe shi a sake wani a kan tushensa, shi ya sa wurin yakan girmi ginin da ke kansa da ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya karya ƙananan gidajen niƙa na karkara ya faro ne daga kasuwa. Bayan soke dokokin da ke tsauwala haraji kan hatsin waje a 1846, da kuma shimfiɗa layukan dogo a filayen Amurka da Kanada, alkama mai arha ta riƙa kwararowa ta teku tun daga shekarun 1870. Wannan alkama tana da tauri, dutse ba ya fitar da farin gari daga cikinta yadda masu gasa burodi ke so, sai injin da ke murƙushe ƙwaya tsakanin mulmulallun ƙarafa, wanda aka inganta a ƙasar Hungari, kuma Henry Simon ya kafa irinsa a Manchester a 1878. Da yake alkamar a tashar jirgin ruwa take sauka, manyan masana'antun gari masu aiki da tururi suka taru a Liverpool da Hull da Landan, maniƙin ƙauye kuwa ya koma ɓarzar abincin dabbobi, har zuwa lokacin da manoma suka sayi ƙananan injuna nasu na mai da na lantarki, wannan cinikin ma ya kuɓuce masa. Ragowar ɓarnar ta biyo baya da sauri: hukumomin magudanan ruwa da wata doka ta 1930 ta kafa sun rage tsayin madatsu da dama don kare gonaki daga ambaliya, sannan neman tsohon ƙarfe a lokacin yaƙin duniya na biyu ya haɗiye wilaye da ƙafafun injuna masu yawa.

Idan aka zo batun abin da ya tsira, sai a tarar sassa uku na gidan niƙa ba su yi rabo ɗaya ba. Ginin shi ya fi sa'a, domin gini ne mai kaurin bango da hawa biyu ko uku a bakin ruwa, kuma tun bayan yaƙin masu hannu da shuni suka riƙa saye suna mai da shi gidan zama ko masaukin baƙi ko wurin cin abinci. Wannan sauyi ya ceci rufi da bango daga zubewa, amma sau da yawa ya cinye abin da ya sa ginin ya zama gidan niƙa: a cire ƙafafu masu haƙora don a sami falo, a toshe ƙofar da ake jan buhu ta cikinta zuwa bene, a fitar da duwatsun a jingine su a bakin ƙofa ko a mai da su teburin lambu, wilin kuwa a bar shi a tsaye don ado, rabinsa cikin ruwa yana ruɓewa, rabinsa a rana yana tsagewa. Mai wucewa a kan hanya zai ɗauka wurin na nan daram, alhali abin da ya rage bai wuce ƙwarya ba bayan an kwashe furar.

Injin shi ne sashen da ya fi ƙaranci, kuma shi ya fi ba da labari ga wanda ya iya karanta shi. Daga yadda ruwa ke shiga wili ana gane zamani da dabarar mai ginin, domin John Smeaton ya nuna a gwaje-gwajen da ya wallafa a 1759 cewa wilin da ruwa ke zubo masa daga sama ya ninka wanda ruwa ke tura shi daga ƙasa wajen cin moriyar ƙarfin ruwan. Duwatsun ma suna da nasu bayani, tunda dutsen tsaunukan Derbyshire an fi amfani da shi ga sha'ir da abincin dabbobi, yayin da farin garin alkama ke bukatar dutsen La Ferté-sous-Jouarre na Faransa, wanda ake kawowa gutsure-gutsure a haɗa a ɗaure da ɗamarar ƙarfe. Sai dai inji ba ya rayuwa shi kaɗai, yana bukatar wanda ya san koɗa dutse da sassaƙa haƙorin katako, waɗannan masu sana'a kuwa yanzu ƙalilan ne a faɗin ƙasar, abin da ya sa gyara ya yi tsada ko ga wanda ke da niyya.

Sashe na uku, wato madatsa da kwata da tafkin tara ruwa da magudanar da ke mayar da shi kogi, shi ne yawanci mafi tsufa kuma mafi ƙarancin kariya. Tsarin rajistar gine-ginen tarihi da Ingila ta kafa bayan yaƙin duniya na biyu ya kasa su mataki uku, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna mataki na ƙasa, kuma idon masu rajistar farko ya fi karkata ga kyan gini da shekarunsa kamar yadda ake ganinsa daga waje. Madatsa kuwa tana iya kasancewa da nisan kilomita guda daga ginin, a gonar wani mutum dabam, ba ta cikin kowace takarda. Gidan niƙan birnin Winchester, wanda ƙungiyar National Trust ke riƙe da shi, ginin 1744 ne, amma wurin yana cikin kundin 1086. A Tamworth kuma masu tonon kayan tarihi sun gano katakan gidan niƙa na ƙarni na 9 a 1971, a ƙarƙashin ƙasa mai danshi da ta hana su ruɓewa, a inda babu wata alama a sarari. Wannan ya nuna cewa wurin da ginin ya ɓace gaba ɗaya yana iya fin wanda ke tsaye da sabon fenti daraja ta fuskar ilimi.

A kan wannan sashe ne sabuwar takaddama ta taso. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000, wadda Birtaniya ta ci gaba da aiki da ƙa'idojinta bayan ficewarta, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin gyara lafiyar koguna, masana muhalli kuma sun nuna cewa madatsu na tare kifayen da ke hawowa daga teku don yin ƙwai, suna tara laka, suna sa ruwa ya kwanta ya yi ɗumi. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman a kogin da madatsu suka yi jerin gwano kuma babu mai gyara su. Amma rushe madatsa yana busar da kwata, wilin da ya tsira shekara ɗari biyu ya rasa abin da zai juya shi har abada, kuma katakan da danshi ya adana a ƙasa su soma lalacewa da zarar ruwa ya ja baya. Akwai kuma tambayar wane kogi ake son a komar: binciken da Robert Walter da Dorothy Merritts suka wallafa a 2008 kan rafukan gabashin Amurka ya gano cewa gaɓoɓin da aka daɗe ana ɗauka halittar Allah ce, laka ce da ta taru a bayan dubban madatsun niƙa. A Faransa rigimar ta kai majalisa, inda dokar yanayi ta 2021 ta hana a ɗauki rushe madatsar gidan niƙa a matsayin hanyar cika sharaɗin buɗe wa kifi hanya a kogunan da aka ware. Tsaka-tsakin da ake bi a wurare da yawa shi ne gina wa kifi matakala a gefen madatsa, ko a sa ta samar da lantarki kamar yadda mutanen garin New Mills na Ingila suka yi a 2008, sai dai duka biyun suna cin kuɗi fiye da rushewa, shi ya sa ba kowace madatsa za ta samu ba.

Tunda ba za a iya ceton kowane wuri ba, ingancin ma'aunin da za a yi zaɓe da shi ya zama muhimmi. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877, wadda ta buɗe reshen gidajen niƙa na iska a 1931 ta kuma haɗa da na ruwa a 1946, ta daɗe tana jan hankali cewa a ɗauki gidan niƙa a matsayin inji kafin a ɗauke shi a matsayin gini. Wannan ra'ayi daidai ne, ko da yake yana da iyaka, domin masana'antar kaɗin auduga da Richard Arkwright ya kafa a Cromford a 1771 ta rasa wilayenta na asali, ta kuma shafe shekaru tana masana'antar launin fenti, amma UNESCO ta sa kwarin Derwent, inda Cromford take, cikin wuraren tarihi na duniya a 2001 saboda a nan tsarin masana'anta na zamani ya samo asali. Cromford dai ta fita daban. Ga dubban ƙananan wurare da ba su da shahararren suna, darajarsu ta dogara ne kan yadda sassan uku suka tsira tare, da kuma abin da takardun haya da tsofaffin taswirori suka tabbatar game da shekarun wurin. Binciken da ya tsaya kan ƙirga gine-gine zai ba da sakamako mai daɗin ji, saboda gine-ginen suna da yawa, alhali wuraren da ruwa ke bin tsohuwar kwatarsa ya juya wili ya fitar da gari ba su da yawa, kuma shawarar da ke yanke makomarsu a yanzu ta fi fitowa daga hukumomin kula da koguna fiye da na kula da kayan tarihi.