Makarantar koyon tseren mota: abin da ake faɗi da abin da yake gaskiya

Tun da matasanmu suka fara bin gasar Formula 1 a waya da gidajen kallo, maganganu iri-iri ke yawo a kan yadda ake zama direban tsere. Wani ya ce sai ɗan attajiri. Wani ya ce wanda bai fara tun yana ɗan shekara takwas ba, ya haƙura. Wani kuma ya rantse cewa yaron unguwarsu da ke juya mota ranar ɗaurin aure, da za a kai shi Turai da ya ba su mamaki. A cikin waɗannan akwai mai ƙamshin gaskiya, akwai kuma wadda ke cin rayuka. Zan auna su da tsarin Birtaniya, domin a can hanyar shiga tseren 'yan sha'awa a shimfiɗe take.

Maganar yaron ɗaurin aure ita ce ta fi damuna, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Abin da yake yi da abin da makarantar tsere ke koyarwa sun yi hannun riga. Idan ɗalibi ya shiga mota a fili irin Silverstone ko Brands Hatch, malami na zaune a gefensa da hular kwano, abin da zai fi ji daga bakinsa shi ne "a hankali" da "ɗaga ido". Ana koya masa ya gama taka birki tun sitiyari na miƙe, ya shigo kwana daga bakin titi na waje, ya shafi cikinta, sannan ya bar motar ta buɗe zuwa ɗaya bakin yana ƙara totur kaɗan-kaɗan. Idonsa kuma ya riga motar isa inda za ta. Dalilin wannan lallaɓawa a fili yake: kowace taya abin da take taɓawa na kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma da wannan ɗan wurin za ta yi birki, da shi za ta yi kwana. In ka nemi duka biyun da ƙarfi lokaci guda, sai ta sake. Motar da ke zamiya tana hayaƙi tana ƙara, ɓata lokaci take yi. Ga kuma lissafin da ba ya sauyawa: in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa takan ninka huɗu.

Wannan ya sa jarrabawar shiga ba ta auna wanda ya fi gudu. Hukumar da ke kula da wasan a Birtaniya, Motorsport UK, tana buƙatar mai son tsere a fili ya ci jarrabawar da ake kira ARDS a ɗaya daga makarantun da ta amince da su. Kashi biyu ce. Akwai rubutu, inda tambayoyin tutoci ba a yafe kuskure ko ɗaya: rawaya haɗari ne a gaba, ba a wuce kowa, ja an tsayar da tsere, shuɗiya mai gudu na tafe a bayanka, mai ratsin ja da rawaya akwai santsi a titi, baƙa kuma kai ake kira ka fito. Sai tuƙi tare da malami. Wanda ya bar mota ta juya da shi ko ta sauka daga kwalta, ya faɗi. Bayan ya ci ma, sai ya liƙa alamar sabon shiga a bayan motarsa, baƙin giciye a kan rawaya, har sai ya tara sa hannun jami'ai sau shida.

Wasu na cewa lasisin tuƙi na titi ya wadatar, wasu kuma na cewa sai da shi ake farawa. Duka biyun kuskure ne, lasisin tsere daban yake. Yara 'yan shekara 14 suna fafatawa a gasar Ginetta Junior, wadda direban Formula 1 Lando Norris ya bi ta cikinta. Max Verstappen ya fara Formula 1 a 2015 yana ɗan shekara 17, tun bai sami izinin tuƙa mota shi kaɗai a titi ba.

Batun kuɗi kuwa rabinsa gaskiya ne, kuma bai kamata a ruɗi kowa ba. Hanyar Formula 1 tana cin miliyoyin fam. Lewis Hamilton ya fara da ƙananan motocin kart yana ɗan shekara takwas, mahaifinsa yana haɗa aiki fiye da ɗaya don ɗaukar nauyinsa, kuma sai da ƙungiyar tsere ta McLaren ta karɓe shi hanya ta buɗe. Amma tseren 'yan sha'awa wata duniya ce daban. Akwai gasar da ake jera robobi a filin ajiye motoci, kowa ya shiga shi kaɗai da motar da yake zuwa aiki da ita, agogo ya raba gardama. Lasisin wannan mataki, RS Clubman, kyauta ake ba da shi. Abin da ya rage shi ne rajistar kulob da kuɗin shiga. A Amurka ma ƙungiyar SCCA tana shirya irinta, kuma akwai gasar 24 Hours of Lemons da aka kafa a kan motocin da ba su wuce dala 500 ba, ban da kayan kariya. Sai dai a sani, a wannan mataki kashewa ake yi, ba a samu. Taya na cinyewa, birki na ƙarewa, kuma inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere.

Shekaru fa? Ga mai burin zama zakaran duniya, fara wuri yana da muhimmanci ƙwarai. Ga ɗan sha'awa babu wannan shinge. Tauraron fim Paul Newman ya fara tsere a 1972 yana da shekara 47, ya zo na biyu a tseren Le Mans a 1979, ya kuma ci rukuninsa a tseren awa 24 na Daytona a 1995 yana da shekara 70.

Haka ma zancen cewa sai da mota mai ƙaton inji. Ƙaramar Mazda MX-5 na cikin motocin da aka fi yin tseren 'yan sha'awa da su a Amurka da Birtaniya, domin ba ta ɓoye kuskuren direba. Kuɗin da sabon shiga zai zuba a inji, gara ya kai su wajen birki. Bayan 'yan zagaye da gudu, tsohon man birki yakan tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, motar ba ta da niyyar tsayawa.

Akwai magana guda da mutane ke yi wa dariya alhali gaskiya ce: wasan kwamfuta na taimakawa. Jann Mardenborough ya ci gasar GT Academy a 2011 ta hanyar wasan Gran Turismo, kuma a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans. Sai dai tsakanin allo da Le Mans ya yi watanni a hannun malamai, ya kuma bi matakan lasisi kamar kowa.

Wajen zaɓen makaranta, a bambance wurin da ke ba ka Ferrari ka yi zagaye uku ka ɗauki hoto da wurin da ke koyarwa. Na farko nishaɗi ne, ba ya kai ka ga lasisi. Ka tambaya ko hukumar wasan ta ƙasar ta amince da su, ɗalibai nawa malami ɗaya ke riƙewa, minti nawa za ka yi a kan sitiyari, wa zai biya in mota ta lalace, kuma ko akwai motar asibiti a filin. Duk wanda ya yi maka alkawarin zama ƙwararre cikin kwana uku, kuɗinka yake so. Kada kuma ka yi tsimi a kayan kariya. Direban tsere Dale Earnhardt ya rasu a Daytona a 2001 sakamakon karayar gindin ƙoƙon kai, kuma a wannan shekarar hukumar tsere ta NASCAR ta wajabta na'urar riƙe kai da wuya.

Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke Birtaniya ko Amurka, in sha'awar na nan, ku nemi kulob ɗin motoci mafi kusa, ku je kallo, ku ba da kanku a aikin ɗaga tuta kafin ku kashe ko kwabo. Matasanmu na gida kuwa, don Allah ku bar titin da yara da masu talla ke bi. In babu rufaffen fili da shinge da motar asibiti, kada ku taka.