NA'URAR DA KE HASASHEN MASU BA DA JINI

A unguwar Sauka Kahuta ta garin Minna, kamar sauran unguwannin ƙasar nan, ba abin da ke tayar wa magidanci hankali kamar a ce masa da tsakar dare matarsa ta zubar da jini wajen haihuwa, sai an nemo leda biyu. Nan take za a shiga buga ƙofofin dangi da maƙwabta, alhali kuwa mai jinya ba ta da lokacin jira.

Dalilin haka shi ne, yawancin jinin da ake ƙara wa marasa lafiya a Nijeriya daga dangi yake fitowa ko daga masu sayarwa, masu bayarwa don Allah ba su da yawa. Bugu da ƙari, jini ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu, domin ko a firiji ba ya wuce kwana 35 zuwa 42. Saboda haka tilas ma'aikatan ma'ajiyar jini su san waɗanda za su kira tun kafin buƙata ta taso.

A nan ne kwamfuta ke da taimako. A birnin Hsinchu na ƙasar Taiwan, an ɗauki bayanin mutum 748 daga kundin cibiyar ƙarin jini, Farfesa I-Cheng Yeh kuma ya saki bayanin ga masu bincike a 2008. Abu huɗu aka rubuta game da kowane mutum: wata nawa rabonsa da ba da jini, sau nawa ya bayar, yawan jinin da ya bayar, da wata nawa tun zuwansa na farko. Sa'an nan aka nuna ko ya dawo a watan Maris na 2007. Mutum 178 ne suka dawo.

Mai gina na'urar hasashe yakan raba irin wannan bayani gida biyu. Kashi mafi girma ya ba kwamfuta ta nazarta har ta gane halin masu dawowa, ragowar kuma ya jarraba ta da shi. Amma fa akwai tarko. Tun da kashi 76 cikin ɗari ba su dawo ba, na'urar da ta ce ba wanda zai zo za ta yi daidai sau 76 cikin ɗari, ga shi kuwa ba ta samo ko leda ɗaya ba. Abin auna ta shi ne, nawa ta gano daga cikin masu dawowa.

Bayan an gina, sai batun kai ta asibiti. Sau da yawa manhajar da ta yi aiki a kwamfutar maginin sai ta ƙi a ta wani. Maganin wannan shi ne abin da masana ke kira kwantena, wanda manhajar Docker ta yaɗa tun 2013. Magini zai rubuta 'yar takardar umarni da ke lissafa duk abin da na'urar ke buƙata, a haɗa su ƙunshi guda, kamar dai kwantenar kaya da ke sauka daga jirgin ruwa ta hau mota ba a kwance ta ba. Da umarni ɗaya ma'aikaci zai tayar da ita, ko a Bida ko a Kontagora.

Masu iya wannan aiki ba su yi nisa ba, domin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983 tana koyar da ilmin kwamfuta. Sai dai halin mutanen Taiwan ba shi ne na mutanen Neja ba. A nan akwai watan azumi, akwai kuma damina da zazzaɓin cizon sauro ke ƙarar da jinin yara. Na'urar da za ta yi amfani sai wadda ta koya daga kundin gida, a kuma tsare sirrin masu bayarwa.

To, ashe aikin farko na alƙalami ne. Dokar hukumar jini ta ƙasa ta samu sa hannu a 2021, saura kowace ma'ajiya ta riƙa rubuta ranar zuwan kowane mai bayarwa. Namiji mai lafiya yana iya bayarwa bayan wata uku, mace bayan wata huɗu. Mutumin Sauka Kahuta da ya je ya ba da leda guda aka rubuta sunansa, ya ceci rai yau, ya kuma sa gobe a san ƙofar da za a buga.